Maimai Bayan Noman Firi: Nazarin Harshen Bayanin Maganin Daji Bayan Tiyatar Mahaifa a Ƙasar Daura

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda Hausa take ɗaukar bayanin wani mataki na jinyar daji da ke zuwa bayan an yi wa mace tiyata an cire mata mahaifa, wato ɗura mata magungunan kashe ƙwayoyin daji ta jijiya. An taƙaita nazarin a kan nau'o'in dajin jikin mahaifa waɗanda ba kasafai ake samunsu ba, an kuma ɗauki masarautar Daura a matsayin farfajiya. An dogara da sakamakon gwaje-gwajen likitanci da aka wallafa, da ayyukan masana al'adar magani ta Hausawa, da kalmomin da ke yawo a bakunan jama'a. Maƙalar ta nuna cewa kalmomin da aka saba da su, irin su daji da ƙari da gashi da ƙarin ruwa, suna haɗe abubuwan da likita yake buƙatar a rarrabe, har ma sukan isar da akasin abin da ake nufi. Ta kuma kawo shawarar a nemi hoton bayanin a gona, wajen ƙuduji da noman maimai.

Fitilun kalmomi: daji, mahaifa, tiyata, fassara, Daura

1.0 Gabatarwa

A ƙaddara wata dattijuwa ce daga wani ƙauye na ƙasar Baure. Ta yi shekaru goma da daina ganin al'ada, sai ga jini ya dawo mata. Bayan kai-komo aka dangana da ita babban asibiti, aka yi mata aiki, aka cire mahaifa. Ɗinki ya warke, jini ya tsaya, ta fara cin tuwo, 'yan uwa na ta shigowa barka da arziki. Ana cikin haka sai sakamakon awon tsokar da aka cire ya fito, likita ya ce a dawo da ita a fara ba ta wani magani har sau shida, magani mai tsada, mai kayar da jiki, mai zubar da gashin kai. Tambayar da danginta za su yi ba boyayya ba ce: ba an ce an cire ciwon ba?

Tambayar tana da ma'ana, kuma kuskure ne a kira ta jahilci. Abin da ido ya gani shi ne mace ta shiga asibiti da ciwo ta fito da sauƙi. Abin da likita yake tsoro kuwa ba ya ganuwa ga ido, ba ya ma fitowa a hoton asibiti. Tsakanin waɗannan biyun babu gada sai magana. Idan maganar ta gaza, matar ba za ta koma ba, kuma babu wanda zai ji ya yi laifi. A nan ne sha'anin ya fita daga hannun likita shi kaɗai ya shigo fagen masu nazarin harshe da al'ada.

Masarautar Daura ta ƙunshi ƙananan hukumomi biyar: Daura da Baure da Mai'aduwa da Sandamu da Zango. Mafi yawan jama'arta manoma ne, kuma tana iyaka da jihar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar, inda zumunta da auratayya da cin kasuwa ba su san da shingen Kwangwalam ba. Wannan ya sa ta dace da nazari irin wannan, domin a gida ɗaya ana iya samun wanda ya ji sunan magani daga bakin likitan da ya yi karatu da Ingilishi da wanda ya ji shi daga wanda ya yi da Faransanci.

2.0 Daji da ƙari da mahaifa

Kalmar daji, ko jeji a bakin wasu, ta girmi asibiti. A amfanin yau da kullum tana ɗaukar kumburi mai zafi da ja, da gyambon da ya ƙi warkewa, da maruru mai zurfi, da kuma cutar da likitoci suke nufi idan sun ce kansa ko sankara. Da yawa daga cikin waɗannan ƙwayoyin cuta ne ke kawo su, kuma sukan fashe su warke. Saboda haka mai maganin gargajiya da ya ce ya sha warkar da daji ba lallai ƙarya yake yi ba. Sunan ne ɗaya, cututtukan daban. Illar ita ce nasarar da aka gani a kan kumburin ƙafa ita ake ɗauka a auna dajin mahaifa da ita.

Tare da sunan akwai wata magana da ta kafu, cewa daji ba ya son ƙarfe, wato idan aka taɓa shi da wuƙa ko allura sai ya fusata ya bazu. Ba a rasa dalilin kafuwarta ba. Mafi yawan masu dajin asibiti ba sa isa wurin likita sai ciwon ya yi nisa, a yi aiki, bayan 'yan watanni a rasa su, sai a ɗora alhakin a kan wuƙa. Ga dangin da suka danne wannan tsoro suka yarda aka yi tiyata, kiran a dawo a sake huda jijiya sau shida tamkar neman su sake jefa kansu cikin haɗarin da suka tsallake da ƙyar ne.

Kalma ta biyu ita ce ƙari. Ita ake faɗa wa mace idan hoto ya nuna dunƙule a mahaifarta, kuma galibin irin wannan ƙari ba daji ba ne, tsiro ne na tsoka da ya yawaita a tsakanin mata baƙar fata. Sai dai akwai dajin da yake shigar burtu da kamanninsa, ba a gane shi sai an cire an duba da madubin awo. Ke nan mace na iya shiga ɗakin tiyata da sunan ƙari, ta samu labarin daji bayan makonni. Idan tsokar ba ta kai ɗakin awo ba, ko don kuɗin awon, ko don dangi sun nemi a ba su abin da aka cire su binne kamar yadda aka saba yi wa mabiyiya, to an binne amsar tare da ita. A gefe guda kuma, ga macen da shekarunta ba su wuce na haihuwa ba, ciki mai girma a hankali tare da jini jefi-jefi yana da fassara tanadajjiya a al'ada, wato kwantacce, kuma wannan fassara na iya cinye shekara guda kafin a nemi awo.

Ita kanta kalmar mahaifa ba ta tsira ba. Tana nufin gidan da ɗa yake kwanciya, wasu kuma suna kiran mabiyiya da ita. A kafofin watsa labarai "sankarar mahaifa" kusan kullum dajin bakin mahaifa ake nufi, wanda ƙwayar cuta ke haddasawa, wanda kuma aka fara yi wa 'yan mata allurar riga-kafinsa a Nijeriya a watan Oktoba na 2023, aka iso jihar Katsina a zango na biyu a watan Mayu na 2024. Cututtukan da wannan maƙala take magana a kansu a jikin mahaifar suke tasowa, kuma waccan allura ba ta shafe su ba. Barin kalmar "baki" a fassara ƙaramin abu ne a rubuce, amma yana sa mai sauraro ya ɗauka cuta ɗaya ce.

3.0 Cututtuka uku, hukunci uku

Dalilin nacewa a kan suna shi ne, amsar tambayar ko za a ba da magani bayan tiyata ta rataya ne a kan nau'in dajin.

Na farko shi ne kasinosakoma, wanda za a iya kira daji mai ruwa biyu, domin a ƙarƙashin madubi ana ganin ƙwayoyi iri biyu a cakuɗe, masu kama da na shimfiɗar cikin mahaifa da masu kama da na tsoka. Bai kai kashi 5 cikin 100 na dajin jikin mahaifa ba, amma rabonsa a mace-macen da wannan rukuni ke jawowa ya ninka haka. Ya fi kama matan da suka daina al'ada, kuma ƙididdigar Amurka ta nuna ya fi yawa a tsakanin baƙar fata. Alamarsa ta farko galibi jini ne. Aikinsa ya haɗa da cire mahaifa da ƙwayayen haihuwa da bututunsu, tare da duba kaluluwar ƙugu. Matsalarsa ita ce saurin yaɗa iri. Ko a matakin farko, inda ake ganin bai fita daga mahaifa ba, yakan dawo wa fiye da mace ɗaya cikin uku, sau da yawa a cikin ciki ko a huhu, nesa da inda wuƙa ta taɓa. Wannan ne ya sa likitoci suka karkata ga maganin da ke bin jini ya zaga jiki duka.

Ƙungiyar likitocin dajin mata ta Amurka, wadda aka sani da GOG, ta yi jerin gwaje-gwaje a kansa. A wanda aka wallafa a 2007 mai lamba 150, an kwatanta gasa ciki gaba ɗaya da na'ura da ba da magani ta jijiya bayan tiyata. Bambancin bai kai yadda masana ƙididdiga za su yanke hukunci da shi ba, amma ya karkata wajen maganin jijiya. A wannan shekarar kuma gwaji mai lamba 161 ya nuna cewa ga waɗanda ciwonsu ya yi nisa ko ya dawo, haɗa ifosfamaid da fakilitaksel ya kai matsakaicin tsawon rayuwa wata 13.5, a maimakon wata 8.4 na ifosfamaid shi kaɗai. Sai gwaji mai lamba 261 da Powell da abokan aikinsa suka wallafa a 2022, wanda ya nuna haɗin fakilitaksel da kaboflatin bai gaza wancan ba: matsakaicin tsawon rayuwa wata 37, a gefen wata 29. Wannan sakamako yana da wata ma'ana ta musamman ga mace daga Zango ko Sandamu. Ifosfamaid kwana uku a jere ake ɗura shi, tare da wani maganin da ke kare mafitsara, ga shi yakan jawo ruɗewar tunani. Sabon haɗin kuwa a wuni ɗaya ake gamawa, a dawo bayan kwana 21. Bambancin kwana uku da wuni ɗaya shi ne bambancin kuɗin gado da abincin 'yan jinya da barin gida har sau shida.

Gaskiya ta wajabta a ƙara da cewa ga wadda ciwonta yake a farkon farko, hujjar amfanin maganin ta fi dogara da bibiyar bayanan majinyatan baya fiye da gwaji na kai tsaye. Duk da haka jagororin jinya na Turai da Amurka sun fi karkata ga bayar da shi, saboda yawan dawowar ciwon.

Na biyu shi ne layomayosakoma, dajin tsokar mahaifa, wanda shi ne mai shigar burtu da ƙari. Shi ma yana yawan dawowa, amma a nan hukuncin ya juya. Idan an cire shi cif a matakin farko, ba a tabbatar da cewa maganin jijiya yana ƙara tsawon rai ba. Gwaji mai lamba 277 da aka shirya domin warware wannan ya nemi mata 216, bai samu ba sai 38, aka rufe shi, kuma abin da aka wallafa a 2018 bai nuna fifikon waɗanda aka ba maganin ba. Don haka abin da aka fi yi shi ne sa ido da awo a kai a kai. Aikin mai fassara a nan ya fi wuya, domin sai ya faɗa wa dangi cewa daji ne, mai haɗari ne, kuma ba za a ba da magani yanzu ba, ba tare da sun ji kamar an sallame su su je su jira ajali ba.

Na uku shi ne koriyokasinoma, dajin da ke tasowa daga ƙwayoyin mabiyiya bayan ɓari ko haihuwa ko cikin nan da ba ɗa a cikinsa sai ƙulle-ƙulle kamar nonon inabi. Matan da ke shekarun haihuwa yake kamawa. A nan maganin jijiya shi ne jigon jinya, yana warkar da mafi yawan masu shi, kuma sau da yawa ba a bukatar cire mahaifa. Tarihinsa yana da darasi ga wannan nazari. A 1956, a cibiyar binciken daji ta Amurka, Min Chiu Li da Roy Hertz suka ba wata mai wannan ciwo metotireksat, ƙarin ya ɓace daga hoto. Li ya lura cewa sinadarin da ƙwayoyin ke fitarwa, wanda shi ne awon ciki yake ganowa, bai gama sauka ba, sai ya ci gaba da ba da magani ga matan da ake gani sun warke. Shugabanninsa suka ga ya wuce gona da iri, suka sallame shi daga aiki. Daga baya ta bayyana cewa waɗanda aka ci gaba da ba su har sinadarin ya ɓace su ne ciwon bai dawo musu ba, kuma a 1972 aka ba shi lambar yabo ta Lasker. Idan manyan likitocin Amurka sun taɓa kasa karɓar hujjar yaƙar abin da ba a gani, bai kamata a yi mamakin magidanci a Mai'aduwa ba.

4.0 Sunayen da ake ba maganin

Ba a riga an daidaita a kan suna ɗaya ba. Ma'aikatan asibiti a Nijeriya sukan ce kemo, a Nijar kuma shimiyo, kowanne gutsuren kalmar aro ne da ba ya ɗauke da wani bayani ga wanda bai sani ba. Wannan rashin bayani aibi ne, amma yana da sauƙi a kan na sauran, domin fanko ya fi kwano mai ɗauke da abin da ba shi aka aika a kawo ba.

A fassarar labarai akan ji an ce gashi. Kalmar ta dace da jinyar da ake yi da na'ura mai haske, kuma tuni gashin ƙashi ya zama sunan wani sashe daban na asibiti. Amfani da ita ga maganin jijiya yana haɗe jinya biyu da likita zai iya ba mace ɗaya a lokuta daban, a wurare daban, da kuɗi daban. Ga mace Bahaushiya kuma gashi yana tuna mata da jego, da ruwan zafi da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta, abin da ake yi domin jiki ya komo.

Ƙarin ruwa ya fi kusa da abin da ido zai gani, tun da leda ce a rataye da allura a hannu. Amma a tunanin jama'a ƙarin ruwa ƙarin ƙarfi ne. Shi ake yi wa wanda ya galabaita ya miƙe. Wadda aka ce za a yi mata ƙarin ruwa, ta koma gida ta kwana uku tana tashin zuciya da ciwon gaɓoɓi, tana da hujjar cewa ruwan bai karɓe ta ba.

Riga-kafi kuwa, ko da yake ya kusanci manufar hana dawowar ciwo, yana da nasa kaya. Ana yin sa ne ga mai lafiya, sau ɗaya ko biyu, kyauta. Kuma tun dambarwar allurar shan-inna ta 2003 zuwa 2004, wadda aka yi ta yaɗa cewa tana hana haihuwa, kalmar ba ta rabu da zargi ba a duk inda aka haɗa ta da mahaifa.

Ƙirƙirar kalma ba baƙon aiki ba ne ga masana Hausa. Aikin da Dalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya samar da kalmomin nazarin harshe da adabi, kuma a 2017 wani ayarin masana harshe da likitoci ya fito da karya-garkuwa. Abin da ake buƙata a nan suna ne mai faɗin abu biyu: daji ake nufa da shi, kuma bin bayan tiyata yake yi. "Ruwan kashe daji na bayan aiki" yana da tsawo, amma bai yi wa kowa ƙarya ba.

5.0 Ƙuduji da maimai

Suna kaɗai ba zai amsa tambayar dangi ba, sai an haɗa da hoto. Wanda ya fi saurin zuwa baki shi ne karin maganar nan ta an kashe maciji ba a sare kansa ba, kuma a garin da ke da rijiyar Kusugu ba sai an yi wa kowa sharhinta ba. Sai dai hoton yana da aibi biyu. Kan maciji abu ne da ake gani, ga shi kuma maganar tana ɗauke da zargin cewa mai aikin bai gama aikinsa ba. Dangin da suka ji ta za su iya fahimtar cewa likitan tiyata ya bar wani abu da gangan ko da sakaci, alhali ya cire duk abin da hannu zai iya kaiwa gare shi.

Hoton da ya fi dacewa yana gonakin gero da dawa na ƙasar Daura. Ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, irinsa ƙanana ne kamar ƙura, tsiro ɗaya yana zubar da dubun dubata, kuma suna iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara goma. Ba ya tsirowa sai ya ji saiwar hatsi kusa da shi, sai ya manne mata ya yi ta tsotso a ƙarƙashin ƙasa. Kafin jar furensa ta bayyana, ɓarnar ta riga ta auku. Babu manomin da zai kalli gonar da aka tuge wa ƙuduji ya rantse cewa babu iri a cikinta don ya ga ta yi fes. Kuma babu wanda zai ce mai noman firi ya yi ha'inci don an dawo maimai. Kowa ya san noma biyu ne, kowanne da lokacinsa, kuma wanda ya bar maimai ya wuce lokacinsa ya san abin da zai tarar. Dattijuwar da ta yi rayuwarta tana duba gayaunarta ba ta buƙatar a koya mata wannan.

Da wannan ma'aikaciyar jinya za ta iya cewa: "Iya, aikin da aka yi maku ya yi kyau, an cire duk abin da ido ya gani. Amma irin wannan ciwo kamar ƙuduji yake, yakan zubar da iri tun kafin a tuge shi. Ba mu da na'urar da za ta nuna mana ko ya zubar a jikinku ko bai zubar ba. Wannan ruwa shi ne maimai."

Wani zai ce ai maimai ba ya ƙarar da ƙuduji. Haka ne, kuma wannan ƙarfin hoton ne. Maganin bayan tiyata yana rage yiwuwar dawowar ciwo ne, ba ya ba da tabbaci. Cikin matan da za a ba shi akwai waɗanda tiyata ta riga ta warkar da su, sun sha wahalar ne a banza, akwai waɗanda ciwon zai dawo musu duk da shi, akwai kuma waɗanda shi ne zai tsame su, kuma babu mai iya nuna wace ce wace tun farko. Hoton da ya yi alkawarin warkewa zai jawo amincewa da wuri, ya kuma jawo ƙiyayya ga asibiti ranar da ciwon ya dawo wa wata a unguwa. Inda hoton ya gaza shi ne wajen dajin tsoka, inda akwai tsoron iri amma ba a samu maimai mai amfani ba. A can sai a ce zagayen gona za a riƙa yi.

6.0 Karanta alamun jiki

Wall (1988), wanda ya yi aikinsa a ƙasar Malumfashi, da Bunza a ayyukansa kan magungunan Hausawa, sun nuna cewa Bahaushe yana da tsararren tunani game da cuta da magani. Etkin da abokan aikinta, da suka yi nazari a karkarar Kano, sun ƙara da wata lura mai amfani a nan: abin da likita ke kira illar magani, kamar amai da gudawa, a wurin jama'a yakan zama shaidar cewa cuta tana fita. Wannan fahimta takobi ce mai kaifi biyu. Tana iya sa mace ta jure tashin zuciya. Tana kuma iya sa ta ɗauka cewa maganin hana amai yana tare wa ciwo hanya, ko kuma zagayen da bai sa ta amai ba bai yi aiki ba. Dole a faɗa mata a fili cewa ba a auna aikin wannan magani da amai.

Gashin kai yakan fara zuba mako biyu zuwa uku bayan ɗurin farko, ya kuma dawo bayan an gama. Ɗankwali zai rufe shi daga idon baƙi, amma ba zai rufe shi daga mai kitso da kishiya ba, kuma gashin da ya zube ba gaira ba dalili yana da fassarar da ba ta asibiti ba a gidan da ake zargin sammu. Faɗin sa tun kafin ya faru shi ke raba shi da wannan fassara. Dindiris ɗin yatsun hannu da tafin ƙafa da fakilitaksel ke kawowa za a iya kiransa sanyi a nemi jiƙo, alhali likita na buƙatar ya ji labarinsa domin ya rage yawan maganin. Jiƙe-jiƙen ma abin tambaya ne, tun da da ƙarfin ƙoda ake auna kaboflatin.

Mafi haɗari shi ne zazzaɓi. Maganin yana rage ƙwayoyin jini masu yaƙar cuta, musamman a mako na biyu, kuma zafin jiki da ya kai 38 a ma'auni a wannan lokaci lamari ne na gaggawa da ke iya kisa cikin kwana ɗaya ko biyu. A ƙasar da kowane zazzaɓi na damina sunansa cizon sauro, kuma maganinsa yana kemis ɗin bakin kasuwa, wannan jumla guda ta fi duk sauran bayanin muhimmanci.

7.0 Hanya da bakin da zai faɗa

Cibiyoyin jinyar daji suna manyan asibitocin koyarwa. Shekaru da dama mutanen wannan yanki Kano suke nufa, asibitin Malam Aminu Kano, ko Shika ta Zariya, ko Sakkwato. A watan Yuli na 2025 aka buɗe cibiyar jinyar daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, mai tazarar kimanin kilomita 80 daga Daura. Ga 'yan uwa na tsallaken iyaka, cibiyar gashi ta farko a Nijar a Yamai aka buɗe ta a 2021, tafiyar kusan kilomita 900 daga Damagaram. Asusun tallafin masu daji da gwamnatin tarayya ta fara a 2021 da dajin mama da na bakin mahaifa da na mafitsarar maza ya soma, wato wadda ke da daji mai ruwa biyu ba ta cikin rukunin farko. Zagaye shida a tazarar kwana 21 ya haura wata huɗu, kowanne da awon jini kafinsa. Iyalin da aka faɗa wa kuɗin zagaye ɗaya kawai za su sayar da akuya su zo, a na uku su tsaya. Lissafin duka shida, da na mota da na awo, tun ranar farko ya kamata su ji shi, domin su san ko gona za a jinginar ko dangi za a tara.

Saura wanda zai yi maganar. Galibi wanda ke rako dattijuwa asibiti ɗanta ne, sau da yawa na fari, wanda ko sunansa ba ta faɗa. A gabansa ba za ta ambaci jini ba, shi kuma ba zai tambaya ba. Likita zai yi bayani ga ɗan, ɗan ya tace abin da kunya ta bari ya wuce, uwar ta ce to. Wannan "to" ba amincewa ba ce, ladabi ne. Samun mace ma'aikaciya da za ta keɓe da ita, ko 'yarta ko ƙanwarta, ba ƙawa ba ce, sharaɗin fahimta ne.

Akwai kuma bakin da ke gaban na asibiti. Macen da jini ya dawo mata bayan tsufa, tambayarta ta farko a kan salla take, kuma malamar Islamiyya ko matar liman take kai wa. Fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukan Daura ya raba jinin haila da na biƙi da na ciwo, ya kuma ce jinin wadda ta kai shekara saba'in ba haila ba ne, na wadda ke tsakanin hamsin da saba'in kuwa a tambayi mata masana. Malamar za ta ba ta hukuncin tsarki daidai. A ma'aunin likita kuwa duk jinin da ya zo bayan shekara guda da ɗaukewar al'ada abin awo ne, ko ɗigo ɗaya ne. Sunan da fiƙihu ya ba shi da Hausa, jinin ciwo, ya riga ya faɗi rabin maganar. Abin da ya rage shi ne malamar ta ƙara da cewa a je a duba wane ciwo ne, domin matakin da aka tarar da dajin a ranar tiyata shi ne ya fi komai yanke yawan abin da maimai zai iya cetowa.